Wasan Kati A Ƙasar Gumel: Mu Kafa Wa Yaranmu Rumfa Kafin 'Yan Caca Su Kafa Musu

 

A ƙasar Hausa akwai kalmomin da idan aka ambace su, tun kafin mai magana ya kai ƙarshen zancensa an riga an yanke masa hukunci. Ɗaya daga cikinsu ita ce karta. Idan aka ce wane ɗan karta ne, to an gama bayani, domin kuwa abin da kunne zai ji shi ne ɗan caca, wanda ba a ba shi ajiya, ba a ba shi bashi, balle a ba shi aure. Kuma iyayenmu ba su yi wannan hukunci haka kawai ba. Sun ga mutumin da ya sayar da riɗinsa da kaka, kafin ya iso gida kuɗin sun ƙare a kan tabarma. Sun ga wanda ya kai ragonsa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya dawo babu rago babu kuɗin rago. Saboda haka na san abin da zan faɗa zai yi wa wasu nauyi a kunne, amma ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni zuwa ƙarshe. Ra'ayina shi ne, ya kamata a garuruwanmu na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a samar wa yara da matasa masu sha'awar wasan kati wuri a fili, a idon manya, inda babu ko sisin kwabo a tsakani, kuma inda duk wanda ya zo za a yi masa maraba.

Bari mu fara da bambance abubuwa, domin an daɗe ana yi musu kuɗin goro. Akwai kartar da kowa ya sani. Akwai kuma Whot, wadda wani Bature mai suna William Henry Storey ya ƙirƙira a Ingila a 1935, ta zo Nijeriya ta samu gindin zama fiye da yadda ta samu a ƙasar haihuwarta, har ta zama wasan ɗaliban makarantun kwana da na 'yan gida ɗaya bayan cin tuwo. Sai kuma nau'i na uku, wanda shi ne maƙasudin wannan rubutu, wato katunan da ake tarawa. A wannan nau'i kowane kati yana da sunansa da hotonsa da irin ƙarfinsa, kuma ba a sayar da su duka a dunƙule. Mutum yana tara nasa sannu a hankali, ya yi musaya da abokai, ya zaɓi waɗanda yake ganin za su dafa wa juna, sannan ya zauna ya kara da wani wanda shi ma ya haɗo nasa. Wani malamin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, shi ya fara fito da irin wannan wasa a 1993 da sunan Magic: The Gathering. A 1996 katunan Pokémon suka fito a Japan, na Yu-Gi-Oh! kuma suka biyo baya a 1999.

Wani zai ce mu ina ruwanmu da wasan yaran Japan? To ai sha'awar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya yi ƙuruciya a shekarun 1980 da 1990 zai tuna hotunan 'yan ƙwallo da na 'yan wasan Indiya da muke cirowa daga cikin cingam, mu ɗaure su da roba, mu ɓoye a aljihun wandon makaranta, mu ba da uku don mu karɓi ɗaya da ya yi wuyar samu. Yaran da suka biyo bayanmu sun ga waɗannan wasanni a zane-zanen yara na tashoshin tauraron ɗan'adam. Na yanzu kuwa abin yana cikin tafin hannunsu. Yu-Gi-Oh! Master Duel ya fito a 2022, Pokémon TCG Pocket ya fito a 2024, sannan wasannin ƙwallon da samari ke bugawa a waya su ma an gina su ne a kan tara katunan 'yan wasa. Wato dai abin ya riga ya shigo gida, ko mun yi masa sallama ko ba mu yi ba. Abin da ya rage mana mu tambayi kanmu shi ne: a ina yaron zai yi wasan, kuma da wa zai zauna?

Ba zan ɓoye wa mai karatu aibin abin ba, domin wanda ya ɓoye ciwonsa ya ɓoye maganinsa. Kamfanonin da ke buga waɗannan katuna suna sayar da su ne a cikin 'yan ƙunshi rufaffu. Ka biya kuɗinka ba ka san abin da ke ciki ba, sai ka yage. Wataƙila ka dace da kati mai daraja, wataƙila kuma ka tarar da irin waɗanda kake da goma. Wannan bugun zuciya da yaro ke ji a lokacin da yake yage ƙunshin, ɗan'uwan wanda ɗan caca ke ji ne uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya sa a watan Maris na 2001 hukumar fatawa ta Saudiyya ta haramta Pokémon da katunansa, kuma caca na cikin dalilan da ta bayar. Ba ƙasashen Musulmi kaɗai suka ga haka ba. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan ƙunshi rufaffu da ake saya da kuɗi a wasu wasannin kwamfuta caca ce a ƙarƙashin dokarsu. A 2021 wani Ba'amurke mai suna Logan Paul ya mallaki katin Pikachu ƙwaya ɗaya tak a kan dala 5,275,000, kuma a wannan shekarar ce manyan kantunan Target na Amurka suka dakatar da sayar da katunan a shagunansu na ɗan lokaci, bayan an ba hammata iska a kansu a harabar wani reshe nasu. Duk inda kuɗi ya shiga wasa, to shaiɗan ya samu wurin zama.

A ɓangaren addini kuwa, haramcin caca a bayyane yake a Alƙur'ani, babu Musulmin da ke jayayya a kai, kuma jiharmu ta Jigawa tana cikin waɗanda suka ƙaddamar da shari'a tun 2000. Wasan da babu kuɗi a cikinsa shi ne malamai suka yi magana mai tsawo a kai. Wasu sun tsananta, kuma malamanmu na Malikiyya na cikin masu tsanantawa. Wasu sun sassauta bisa sharuɗɗa: kada a sa dukiya, kada ya shagaltar daga salla da sauran wajibai, kada ya jawo zagi da rantse-rantse da gaba. Ni ba malami ba ne, fatawa ta masu ita ce, kuma duk unguwar da za ta ɗauki shawarata to ta fara da zuwa wurin limaminta. Amma ina so a lura da abu guda. Waɗannan sharuɗɗa uku ba sa tsare kansu, sai da mai tsare su. Kuma ba a iya tsare su a kango, ko a bayan tasha, ko a ƙuryar ɗaki da ƙarfe biyun dare a kan waya.

Nan ne nake ganin muke yin kuskuren lissafi. Idan uba ya kama ɗansa da kati, ya ƙwace ya ƙona, ya haɗa masa da bulala, abin da ya koya masa shi ne ɓuya. Yaron da ya koyi ɓuya kuwa zai nemi inda ake ɓuya, kuma waɗanda zai tarar a can su ne ainihin 'yan cacar da ake gudar masa. Su ba sa korar kowa. Za su matsa masa ya zauna, su ce masa maigida, su ara masa naira ɗari biyu ya gwada sa'arsa. Abin takaici ne a ce a duk garin mutanen da suka fi iya tarbar yaro su ne masu son cinye shi. A 2024 hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama, kuma aiki ne mai kyau, amma kowa ya san shagon da ya fi girma yanzu shi ne wayar da ke aljihun yaro, wadda babu kwaɗon da zai rufe ta.

Mu masu karatun littattafan Hausa ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan. Ba mu manta da irin kallon da aka yi wa littattafan soyayya ba, da yadda 'yan mata ke ɓoye su a ƙarƙashin katifa, har ta kai a 2007 aka cinna wa wasu wuta a bainar jama'a a Kano. Akwai na banza a cikinsu, babu musu. Amma mata nawa ne suka iya karatun boko da kyau saboda su? Kuma me ya kai littafi hannun yarinyar da ba ta da kuɗin saye? Shagon haya ne. Mutum ɗaya ya tara littattafai a akwati, unguwa guda ta karanta. Wannan dabara ta akwatin haya ita ce nake so mu ɗauko mu kai wa wasan kati.

Kafin nan, mu dubi abin da muka gada. A garuruwanmu da ƙauyukanmu har yanzu akan ga dattawa a gindin bishiya bayan la'asar, an tona ramuka 30 a ƙasa, jeri 5 sau 6, wannan yana da 'ya'ya 12 na kara, wancan yana da 12 na tsakuwa, kowa na neman ya jera uku ya ci na abokinsa. Dara ke nan. Ka tsaya ka kalli majalisar dara da kyau, za ka ga an warware duk matsalar da muke magana a kai tun kafin a haife mu. Kayan wasan ba na kowa ba ne, ƙasa ce da kara da tsakuwa, don haka mai kuɗi bai fi talaka da komai ba sai in ya fi shi kai. A fili ake yi, duk mai wucewa yana gani. 'Yan kallo sun fi 'yan wasa yawa, kuma a kallo ake koyo. Wanda aka cinye ya tashi, na bayansa ya zauna. Ana tsokana, ana dariya, amma da ladan ya ɗaga murya sai a karkaɗe riguna a nufi masallaci. Baƙon da ya sauka a garin, in ya iya, za a ba shi wuri ba tare da an tambaye shi ɗan gidan wane ne ba.

To yaya za a kafa irin wannan majalisa ga masu wasan kati? Ga abin da nake gani.

Da farko a samu wuri wanda uwa za ta iya aiko ƙaramin yaro ya kira yayansa ba tare da gabanta ya faɗi ba: rumfa a ƙofar gidan mai unguwa, ko aji ɗaya a makarantar firamare bayan an tashi, ko zauren wani dattijo da ake jin maganarsa. A sa lokaci sananne, daga bayan la'asar zuwa kafin magariba, rana ɗaya ko biyu a mako. A Maigatari a kauce wa Alhamis, domin ranar neman abinci ce. Da damina ta sauka a naɗe tabarma sai bayan an kai amfani gida, don wanda ya bar gona ya zo wasa ba ma maraba da shi. Ai dama lokacin da ake jin tsoro shi ne rani, watannin nan masu tsawo bayan an gama da gero da riɗi da zoɓo, lokacin da wanda bai tafi cin rani ba yake wuni yana hamma.

Na biyu, katunan su zama na majalisa. A tara su a akwati ɗaya, a riƙa rabawa idan an zo, a mayar idan an tashi. Da wannan an kashe tsuntsu biyu: ɗan talaka da almajiri za su zauna daidai da ɗan Alhaji, sannan an toshe ƙofar sayen ƙunshi rufaffe. Ko a ƙasashen da wasan ya fito haka masu hankalinsu ke yi. Suna da wani tsari da suke kira Pauper, wato na talaka, wanda ba a yarda a shigo da kati mai wuyar samu a cikinsa ba. Kuma shagunan da ke shirya zaman wasa a yammacin kowace Juma'a sun daɗe da gane cewa wanda ya zo yau aka wulaƙanta shi ba zai dawo mako mai zuwa ba.

Na uku, kuma wannan babu sassauci a cikinsa, ba a sa komai a wasa. Ba kuɗi ba, ba goro ba, ba katin waya ba, ba ma shi kansa katin wasan ba. Mai karatu zai yi mamakin jin cewa a farkon fitowar Magic dokar wasan ita ce kowa ya ajiye kati ɗaya, wanda ya yi nasara ya kwashe. Masu wasan da kansu suka ga wannan ya yi kama da caca, aka hana shi a gasanni, kamfanin ya daina buga katunan da suka shafe shi tun tsakiyar shekarun 1990, kuma wasan bai mutu ba, sai ma ƙara yaɗuwa da ya yi. Idan waɗanda ba su da ayar haramci sun iya cire wannan, mu me zai hana mu? Musaya kuwa, in ta kama, a yi ta a gaban babba, kada wayayye ya yi wa ƙaramin yaro wayo ya karɓe masa mai kyau ya ba shi tarkace.

Na huɗu shi ne tarbar baƙo, kuma a nan ne yawancin majalisunmu na samari ke faɗuwa. Mun san halinmu. Da an yi wata uku sai majalisa ta zama ta mutum biyar, su ne gwanaye, su ke da bakin magana, sabon zuwa kuwa sai dai ya tsaya daga baya yana leƙe, in ya yi kuskure a yi masa ihu har ya ji kunyar sake biyowa ta layin. Dole a karya wannan tun ranar farko. A ware tabarma ɗaya ta masu koyo, kuma gwanin da ya fi kowa shi za a ɗora wa koyarwa, ya buɗe katunansa a fili ya nuna wa yaro dalilin kowane jifa. A hana yi wa mutum dariya saboda ƙauyensu ko karin harshensa. Ɗan Fulanin da ya shigo gari da nono, da Bamangen da Hausarsa ke da gargada, da yaron da ya tsallako daga Dungas ko Magarya ya zo wurin dangi, duk a matsa musu. A tuna da waɗanda ƙwallo ta bari a baya: yaron da shan inna ta taɓa wa ƙafa, da kurman da ba ya jin ihun fili amma idonsa ya fi na kowa kaifi. A kan tabarmar kati babu wanda ya fi su gudu. 'Yan mata kuma a yi musu tasu a cikin gida, ƙarƙashin kulawar uwa ko malamar Islamiyya, don su ma suna da kai, kuma su ma suna gajiya da zaman shiru.

Saura tambaya ɗaya: da waɗanne katuna? Na asali daga waje suna da tsada, ga wasu zane-zane da ke cikinsu waɗanda iyaye da malamai ba za su aminta da su ba, kuma suna da gaskiyarsu. Amsata ita ce mu yi namu. Akwai wata jiha a Japan mai suna Gunma. A 1947, bayan yaƙin duniya ya ragargaza ƙasar, mutanenta suka buga katuna 44, kowanne yana ɗauke da wani dutse ko kogi ko gari ko gwarzo na jihar, suka sa musu suna Jomo Karuta. Har yau yaran jihar suna gasa da su, kuma da wuya ka sami wanda ya tashi a can bai haddace su ba. Mu me muka rasa? Masarautar Gumel ta kafu tun wajen 1750. Ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, da Barno ta yi alaƙa. Daga Tumbi, wadda yanzu ke cikin Nijar, fadar ta taso ta dawo inda take. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth ya ratsa ta garin a 1851. Yara nawa ne a Lautai suka san wannan? Ga sunayen sarakuna, ga garuruwan hakimai, ga tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa a kan layin Kano zuwa Nguru. Ga dabbobin kasuwar Maigatari kaɗai sun isa a yi wasa guda: Uda da Balami da 'Yankasa a tumaki, Bunaji da Rahaji a shanu, ga raƙuma ga dawaki, kowanne a rubuta masa ƙarfinsa da juriyarsa ga ƙishirwa, yara su yi ta gardama a kai kamar dillalai. Ga karin magana, a raba kowace gida biyu, rabi a wannan kati rabi a wancan, wanda ya fara haɗawa ya ci. Wanda ba ya son hoton mai rai sai a yi masa da rubutu da zayyana irin ta allo.

Wannan aiki bai fi ƙarfinmu ba. Kwali ne da almakashi da na'urar buga takarda, waɗanda ake samu a shagunan kwamfuta na cikin Gumel. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel za su iya ɗaukarsa a matsayin aikin koyarwa, tunda dama sana'ar da suke koyo ita ce yadda za a sa yaro ya so ilimi. Ku kuma marubuta, ku da kuke ƙirƙiro jarumai da masarautu da aljanu a littattafanku har mu kasa barci, ga fage. Wanda ya iya tsara labari mai littafi uku ba zai gagara tsara katuna hamsin ba.

Na san akwai wanda zai ce duk wannan ɓata lokaci ne, yaro ya je ya yi karatu ko ya kama sana'a. Gaskiya ne karatu da sana'a su ne gaba. Amma babu yaron da ke karatu awa 24, kuma sa'o'i biyun nan na yamma su ne ake sace mana 'ya'ya a cikinsu. Wasan da zai sa yaro ya karanta abin da ke jikin kati, ya yi lissafi da ka, ya jira layinsa, a cinye shi ya miƙa hannu a gaisa, bai zama banza ba. Da yawa daga cikin rigingimun manya a yau, na siyasa da na kasuwa, asalinsu mutanen da ba a koya musu yadda ake shan kaye tun suna yara ba ne.

Don haka ina kira ga iyayenmu masu unguwanni da dagatai da limamai, da shugabannin ƙungiyoyin matasa na waɗannan ƙananan hukumomi huɗu, idan samari suka zo muku da wannan magana kada ku kore su da jin kalmar kati. Ku zaunar da su, ku gindaya musu sharuɗɗanku, ku ba su inuwa inda idonku zai kai, sannan lokaci-lokaci ku riƙa leƙawa. Idan kun ga kuɗi a kan tabarma, ku tashe ta a ranar, ba sai gobe ba. Idan kuwa kun tarar da ɗan Alhaji da almajiri sun haɗa kai suna gardamar wane sarki ne ya gaji wane, to ku sa musu albarka.

Allah ya shirya mana zuriya, ya kare su daga caca da shaye-shaye da miyagun abokai, ya ba mu ikon riƙe amanarsu. Amin.